Sau Nawa Yaro Zai Maimaita Abin Da Aka Yi Masa?

Jama'a, ku yi haƙuri da tsawon rubutun nan, abin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Bara na raka wata 'yar'uwata kan maganar 'yarta mai shekara bakwai da wani babban mutum ya lalata. A caji ofis an tambayi yarinyar gaban kanta, mutane na shiga suna fita. A asibiti an sake tambayarta. Sai ofishin jin daɗin jama'a, sai sashen binciken manyan laifuka da aka mayar da fayil ɗin, kowa da takardarsa, kowa daga farko yake farawa. A karo na biyar ta sunkuyar da kai ta yi shiru, ba ta ƙara cewa uffan ba. Daga nan dangi suka shigo da "a rufa asiri", magana ta mutu. Mutumin yana nan yana yawonsa.

Dokoki kam muna da su. Najeriya ta yi Dokar Kare Haƙƙin Yara tun 2003, jihohi suka riƙa ɗauka ɗaya bayan ɗaya. Kaduna ta yi tata a 2018, Kano sai 2023. A 2020 Kaduna ta ƙara da hukuncin dandaƙa ga wanda ya yi wa yaro ɗan ƙasa da shekara 14 fyaɗe. Mutane sun yi ta tafi, ni ma na yi. Amma hukunci sai an kama mutum da laifi a kotu, kotu kuwa hujja take nema. Hujjar a sa'o'in farko take, kafin a yi wa yarinya wanka a wanke kayanta. Maganin kariya daga cutar ƙanjamau ma cikin awa 72 ake fara shi. Idan iyaye sun ƙarar da waɗannan kwanaki ukun suna zirga-zirga tsakanin ofis da ofis, me ya rage?

Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi da UNICEF a 2014 ya nuna yarinya ɗaya cikin huɗu da yaro ɗaya cikin goma suna fuskantar lalata kafin su kai 18. Waɗannan 'ya'yan unguwanninmu ne, Wallahi.

Abin da nake so majalisun jihohinmu su rubuta ƙarara shi ne: da zarar an kai ƙara, ɗan sanda da likita da jami'in jin daɗin jama'a da lauyan ma'aikatar shari'a su zauna kan fayil ɗaya, cikin wa'adin da doka ta yanka. Mutum ɗaya da aka horar ya yi hira da yaron sau ɗaya, a ɗaki mai natsuwa, a naɗa, sauran su saurara daga wani ɗakin. Haka wani mai gabatar da ƙara, Bud Cramer, ya fara a garin Huntsville na jihar Alabama a 1985, bayan ya ga yadda ake wahalar da yara da tambayoyi, kuma daga baya jihohin Amurka da dama suka mayar da tsarin doka. A gida ma Legas ta kafa hukuma ta musamman kan fyaɗe da cin zarafi a cikin gida da doka a 2021.

Za a ce 'yan sanda na tarayya ne, jiha ba ta da iko a kansu. Gaskiya ne. To amma asibitoci na jiha ne, ma'aikatar mata ta jiha ce, kuma babban lauyan jiha ne ke gurfanar da irin waɗannan laifuka. Cibiyoyin kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe, wato Salama a Kaduna da Waraka a asibitin Murtala na Kano, sun riga sun nuna ana iya haɗa likita da mai ba da shawara wuri ɗaya. Saura a ba su gindin zama a doka da kuɗi a kasafi, a kai irinsu ƙananan hukumomi.

Ku tambayi ɗan majalisar jiharku ko ya taɓa karanta dokar yaran da aka sa wa hannu. Ni na tambayi namu, ina jiran amsa. Yarinyar nan yanzu tana aji uku, har yau ba ta yarda ta bi ta layin su mutumin.