Yaran Agent Orange a Biyetnam Ba Lokacin Yaƙi Aka Haife Su Ba

Mutane da dama suna ɗauka cewa yara masu nakasa da ɗalibai 'yan sa-kai ke kula da su a Biyetnam su ne waɗanda gubar Agent Orange, wato maganin kashe ciyayi da bishiyoyi, ta zubo wa daga jiragen Amurka lokacin yaƙin Biyetnam, saboda haka matsalar ta kusa wucewa. Wannan fahimta ba daidai ba ce, domin feshin ya gudana ne tsakanin 1961 da 1971, kuma yaƙin ya ƙare a 1975. Duk wanda aka yi feshin yana jariri, yanzu ya haura shekara 50.

Yaran da ke cibiyoyi irin su Ƙauyen Abota, wanda aka buɗe kusa da Hanoi a 1998, 'ya'ya ne da jikokin waɗanda gubar ta shafa. Sinadarin dayoksin da ke cikinta yana daɗewa a ƙasa da laka, ya shiga jikin kifi da agwagwa, daga nan ya taru a kitsen jikin mutum har ya bi ta nonon uwa. Shi ya sa sai a 2018 aka kammala tsabtace filin jirgin saman Da Nang, inda aka ajiye gubar lokacin yaƙi, na Bien Hoa kuwa, wanda ya fi gurɓata, a 2019 aka fara aikinsa.

Ɗaliban ba magani suke bayarwa ba, wannan aikin likitoci ne. Nasu shi ne ciyar da yaron da ba ya iya riƙe cokali, da taya malamai koyar da karatu, zane da ɗinki. Kuma nakasar ba ta yaɗuwa ta hanyar taɓawa.