Su sun hana fitar da ɗanye, mu har yanzu muna loda shi a tirela

Shekara huɗu ke nan ina zaune a Makassar, a tsibirin Sulawesi na Indonesiya. Kalmar da na fi ji a bakin mutane, daga minista a talabijin har ɗan acaɓa, ita ce hilirisasi, wato kada arzikin ƙasa ya fita ɗanye.

Tun ranar 1 ga Janairun 2020 gwamnatin shugaban ƙasar na lokacin, Joko Widodo, ta hana fitar da ɗanyen ma'adinin nikel. Duk mai so, ya zo nan ya kafa masana'antar narkarwa. Tarayyar Turai ta kai ƙara gaban Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya, aka ba ta gaskiya a 2022, su kuwa suka ɗaukaka ƙara suka ci gaba da abinsu. Kamfanonin Sin, irin su Tsingshan, suka kwararo da kuɗi Morowali, wani yanki a tsibirin nan na Sulawesi. Yau fiye da rabin nikel ɗin duniya daga ƙasar nan yake fitowa.

Ɗan matar da nake haya a gidanta a Morowali yake aiki. Da kuɗin da yake aiko mata ta sake kwanon rufi, har ta ja ni in gani. Ina kallon rufin nan zuciyata na Jos, inda aka kwashe kuza aka bar mana kududdufai masu cin yara. Na tuna Arlit ta Nijar: daga 1971 aka shafe shekaru da dama ana haƙar yuraniyom ana haska Faransa, Nijar kuwa ta daɗe tana sayen wuta daga Najeriya. Wallahi abin yana min ciwo.

Kada a ce na ɓoye aibi. A Disamban 2023 tukunyar narkarwa ta fashe a Morowali, ma'aikata 21 suka rasu. Da kwal ake ba masana'antun wuta, masunta kuma na kukan ruwan gaɓarsu ya koma ja. Wannan ɓangaren ba abin koyi ba ne.

Duk da haka ina tare da ministan ma'adanai na Najeriya Dele Alake da ya ce ba lasisi sai da shirin sarrafawa a gida, musamman yanzu da ido ya koma kan litiyom ɗin Nasarawa. Fargabata ɗaya ce, wuta. Tukunyar narkarwa ba a kashe ta dare da rana. Wanda ya ga masana'antun da suka rufe a Sharaɗa da Bompai ya san abin da zai sami mai jarin da aka tilasta wa sarrafawa, aka bar shi da janareta da kuɗin dizal.