Ga masu tambayar me za su karanta: ku gwada labaran kimiyya da na al'ajabi

Jama'a, duk lokacin da na ce a karanta ƙagaggun labaran kimiyya ko na al'ajabi, sai an samu mai cewa ai tatsuniya ce, ɓata lokaci ne ga babba mai iyali. Ni kuwa ban yarda ba ko kaɗan. Mu da muka tashi da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, waɗanda suka fito tun 1934 cike da aljannu da ƙasashen da babu su a taswira, yaushe muka zama baƙin wannan fage? A 1969 ma Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, ya ɗauki wani yaro ya kai shi sararin samaniya. Ƙofar tamu ce, mu muka daina shiga.

Idan littafi ɗaya kawai za ka iya a bana, to ka nemi Dune na Frank Herbert, wanda ya fito a 1965. Labarin wata duniya ce mai suna Arrakis, rairayi ko'ina, ba a ruwan sama, amma a can kaɗai ake samun wani sinadari da tafiya tsakanin taurari ba ta yiwuwa sai da shi. Manyan gidajen sarauta na kashe juna a kansa, 'yan ƙasa kuwa, wato Fremen, ko a jikin masu mulki. Abin da ya kama ni shi ne yadda ya rubuta ƙishirwa. Mutanen nan suna sa wata riga mai tace gumi da fitsari ta mayar da su ruwan sha. Idan ɗayansu ya tofa yawu a gabanka, girmamawa ce mafi girma, don ya ba ka ruwan jikinsa. Yi wa mamaci hawaye kuwa abin mamaki ne a wurinsu, saboda tsadarsa. Duk wanda ya taɓa bin layin rijiya a watan Afrilu ba ya bukatar a yi masa sharhin wannan. Za kuma ka ci karo da kalmomin Larabci irin su Mahdi da jihadi. Herbert ba yabon gwarzonsa yake yi ba, gargaɗi yake yi kan abin da ke samun al'umma idan ta miƙa hankalinta kacokan ga mutum ɗaya. Farkon littafin akwai nauyi, sunaye sun yi yawa. A daure, bayan shafi ɗari sai ya sake.

Na biyu da nake roƙon a karanta shi ne Parable of the Sower na Octavia Butler, na 1993. Ta fara labarin ne a shekarar 2024 a jihar Kalifoniya ta Amurka: unguwanni sun kewaye kansu da katanga, ruwa ya fi man fetur tsada, 'yan sanda sai an biya su kafin su zo. Yarinya 'yar shekara 15, Lauren Olamina, ita ce ke ta cewa a shirya, katangar nan ba za ta dawwama ba, manya na ce mata ta yi shiru. Ba littafin nishaɗi ba ne, yana da tayar da hankali, kuma yarinyar ta ƙirƙiro wani addini nata. Na faɗa tun yanzu don kowa ya san abin da zai tarar.

Wannan ya kawo ni ga masu damuwa da batun aƙida da sihiri, kuma damuwarsu ba abin raini ba ce. Abin da nake gani shi ne, baligi mai karatu ya san bambancin labari da wa'azi. Yara kuwa, iyaye su fara dubawa kafin su miƙa musu.

Wanda Turancinsa bai yi ƙarfi ba, ko lokaci ya yi masa kaɗan, ya fara da Binti na Nnedi Okorafor, 2015. Gajere ne, ana gama shi a dare guda. 'Yar ƙabilar Himba ta Namibiya ce ta gudu daga gida zuwa jami'a a wata duniyar, da jan yumɓun da matansu ke shafawa a fata da gashi. Littafin ya ci Hugo da Nebula, manyan kyaututtukan wannan fage. Okorafor ce kuma ta rubuta The Shadow Speaker, wanda ta kafa a Nijar ta shekarar 2070. Masu son aljannu su nemi A Master of Djinn na P. Djèlí Clark, Alƙahira a 1912, mutane da aljannu suna zaune gari ɗaya. A Wizard of Earthsea na Ursula Le Guin, 1968, shi zan bai wa matashi: yaro mai baiwa da girman kai ya saki wata inuwa, ya koma gudunta.

The Lord of the Rings fa, shahararren dogon labarin al'ajabin nan? Yana da kyau, amma kada ya zama na farko. Mutane da yawa a kansa suke sarewa su bar fagen gaba ɗaya. A bar shi sai ƙafa ta saba.