Ku daina cewa Ustaz hannu kawai yake ɗagawa

Abin da aka yi wa malamin waƙar makarantar nan ta unguwarmu a Gadarif, ƙasar Sudan, wanda muke kira Ustaz, bai dace ba, kuma duk wanda ya je bikin ya ji sakamakon da kunnensa. Ana gab da biki aka sallame shi, wai hannu kawai yake ɗagawa, aka kunna wa yara waƙa ta lasifika su bi.

Jama'a, ɗaga hannun nan karatunsa ake yi. Tun 1969 akwai makarantar kiɗa da wasan kwaikwayo a Khartum, wadda yanzu take ƙarƙashin Jami'ar Sudan ta Kimiyya da Fasaha, kuma shekaru ake kwashewa a cikinta. Hannun dama ke riƙe bugun waƙa, na hagu ke shigar da kowane rukuni a lokacinsa, ya ce a ɗaga murya ko a sassauta. Kafin nan sai malami ya saurari kowane yaro shi kaɗai, ya ware masu siririyar murya da masu kauri. Kamar minti 10 na farkon gwaji na motsa murya ne da jan numfashi daga ciki, kafaɗa ba ta motsi. A tsallake wannan, kafin baiti na uku murya ta zame ƙasa. Malamin ke ba da sautin farawa, in ya yi sama da yawa waƙa ta koma ihu. Yaron da muryarsa ta fara fashewa, wajen shekara 12 zuwa 14, ƙasa ake mayar da shi, don tilasta masa hawa na iya dishe shi.

Lasifika ba ta san ko ɗaya daga cikin wannan ba. Ba ta jiran yaron da numfashinsa ya ƙare, 'yan layin baya kuma amon bango suke ji, su shiga a makare. Haka kuwa aka yi, gaba na gaba, baya na baya, yara na kallon juna cikin kunya.

Masu cewa babu kuɗi tun yaƙin 2023, hayar lasifika da janareta kyauta aka ba ku? Masu cewa ai nashidi ne kawai, nashidin ma da numfashi da bugu ake yinsa. A dawo da Ustaz, a ba shi haƙuri.

Wani abin da ke damuna ma, tambayi yaranmu wace ce Aisha Falatiya, 'yar gidanmu da ta rera waƙa a Rediyon Omdurman tun shekarun 1940. Da wuya ka sami mai amsawa, alhali kakanninsu sun haddace waƙoƙinta.