Amane ya gagare mu, alhali ga teku a bakin ƙofa

Shekara goma sha tara ke nan ina sayar da waakye, shinkafa da wake irin na Ghana, a unguwar Nima ta Ankara, babban birnin Ghana, kuma duk wanda ya san sana'ar nan ya san shito, soyayyen yajin da ake ci da shi, shi ne ke riƙe da ciniki. Shito kuwa ba ya yi sai da amane, busasshen ƙaramin kifin nan da muke niƙawa tare da jatan lande da barkono da citta. Ranar Talatar da ta wuce na je kasuwa da kuɗin da a bara ke cika mini kwando, na dawo da abin da bai kai rabi ba. Wanda na samo ɗin ma ƙanana ne kamar yatsan yaro, ana taɓawa suna marmashewa. Matar da nake saye a wurinta tun ina amarya ta ce, "Hajiya, wallahi ba ni ba ce. Maigidana kwana biyu ya yi a kan ruwa, ko kuɗin mai bai mayar ba." Na yarda da ita. Amma raina ya ɓaci, har yanzu kuma bai huce ba.

Jama'a, a Ankara fa muke. Daga Nima zuwa bakin teku a Jamestown tafiyar ƙaramar mota ce. Ghana na da gaɓar teku ta kusan kilomita 550, kuma wajen kashi 60 cikin ɗari na abin da muke ci na nama da kifi, kifi ne. To ta yaya kifin talaka ya koma kayan marmari?

Ruwa ba ya tsami banza. A 1996 masuntan ƙasar nan sun kama irin wannan kifi fiye da tan 130,000. Zuwa 2016 bai kai tan 30,000 ba. Babban abin da ya cinye shi kowa ya sani: manyan jiragen jan taru. Lasisinsu na kama kifin ƙasan teku ne, amma sai su kwashe amane da 'ya'yansa da ba su isa yin ƙwai ba, su daskarar da su cikin ƙanƙara, da dare manyan kwale-kwale su je tsakiyar ruwa su yi lodi su sauke a garuruwan Elmina da Apam. Shi ne ake kira saiko. Ƙungiyar kare muhalli ta EJF ta ƙiyasta cewa a 2017 kaɗai kifin da ya bi ta wannan hanya ya kai tan 100,000, na sama da dala miliyan 50. Doka ta hana, amma an yi shekara da shekaru ana yi a gaban idon kowa. A sace kifin masunci a teku, sannan a kawo wa matarsa a tudu ta saya da kuɗinta! Wane irin zalunci ne wannan?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganar masu jiragen. Dokar kamun kifi ta 2002 ta keɓe wa 'yan ƙasa irin waɗannan jirage. Amma binciken ƙungiyar nan ya nuna kusan kashi 90 cikin ɗari nasu suna da alaƙa da kamfanonin Sin. Sunan ɗan Ghana a takarda, tutar Ghana a jirgi, riba ta tsallaka teku. Ni ba baƙon nake jin haushi kamar ɗan gidan da ya ara masa suna ba. Shi wannan ya san mu, ya ci waakye, wataƙila uwarsa ma da banda ta biya masa kuɗin makaranta. A watan Yuli na 2019 wani ma'aikacin sa ido da aka ɗora a ɗaya daga cikin jiragen ya ɓace a teku, ba a gan shi ba. Bayan haka wane ma'aikaci ne zai ga ɓarna ya buɗe baki?

Da aka tashi gyara kuma, sai aka bar jaki ana dukan taiki. Aka rufe wa masu kwale-kwale teku wata guda, aka fara a 2019, daga baya aka mayar da shi Yuli, daidai lokacin da ruwa ke sanyi kifi ke tasowa. Mutumin da yake ci daga hannu zuwa baki, ka ce ya zauna kwana talatin, ka ba shi ɗan buhun shinkafa da man girki? Mutanen nan tun kakanninsu suke hutar da teku ranar Talata, ba wanda ya koya musu. Ban ce ba su da laifi ba. Akwai masu kunna fitila cikin ruwa da dare, akwai masu taru mai ƙananan idanu, har da masu zuba guba, kuma duk wanda aka kama a hukunta shi. Amma kar a haɗa mai kwale-kwale da jirgin da ke share teku dare da rana a ma'auni ɗaya.

Sau biyu Tarayyar Turai na ba Ghana katin gargaɗi kan haramtaccen kamun kifi, a 2013 da 2021. Abin kunya ne a ce sai an yi barazanar rufe mana kasuwar Turai kafin a motsa, alhali kukan matan unguwar Chorkor masu bandar kifi ya daɗe yana tashi ba mai saurare.

An ce sabuwar dokar 2025 ta ture manyan jirage daga mil 6 zuwa mil 12 daga gaɓa. Madalla. To wa zai tsare iyakar da ƙarfe biyun dare? Ta 2002 ma a rubuce take. A buga mana sunayen ainihin masu jiragen nan a jarida, a faɗi tarar da aka ci kowannensu da nawa ya biya, wanda ya maimaita a ƙwace lasisinsa.

Ni dai na ƙara kuɗin waakye sau biyu a bana, ba zan iya ƙarawa na uku ba, domin masu sayena leburori ne da 'yan makaranta. Jiya na rage amane a shito na ƙara albasa. Wani dattijo da ke karyawa a wurina kullum bayan sallar asuba ya ɗanɗana, ya dube ni ya ce, "'Yata, lafiya kuwa?" Na rasa abin da zan ce masa.