Yadda mai gadi ya wanke ni daga zargin leƙen asiri

Ina da taubashi a Kano, ɗan kawuna, wanda Allah ya hore wa baki da waya mai tsada. Kusan kowane dare sai ya jefo hoton gadar sama ko na wani dogon bene mai fitilu a zaurenmu na WhatsApp na dangi, ya rubuta a ƙasa: "Ku a Yamai in rana ta faɗi ai an rufe gari sai gobe." In na tanka sai ya tuna mini cewa wutar ma su ke aiko mana da ita ta layin Birnin Kebbi. Tun da suka yanke mana ita a 2023 bakinsa ya ƙara tsawo. Na gaya masa muna da tashar lantarki ta Gorou Banda tun 2017, an kuma ƙara mata ta hasken rana. Ya ce shi hoto yake so, ba lacca ba.

To ni na san garina. Tun lokacin taron Tarayyar Afirka na watan Yulin 2019 tsakiyar Yamai ta canza fuska: sababbin otel-otel, filin jirgin Diori Hamani da aka sabunta, ga zauren taro na Mahatma Gandhi da Indiya ta gina. Gadojinmu uku ne a kan kogi, ta Kennedy tun 1970, ta 'yan Sin a 2011, sai ta Janar Seyni Kountché a 2021. Abin nunawa bai yi mana kaɗan ba. Waya ce kawai ba ta san da haka ba.

Da Babban Masallaci na fara, wanda Libiya ta gina, don a fara da albarka. Lokacin hunturu ne, hazo ya sauka. Na ja baya har hasumiyar ta shigo, na kunna filasha saboda dare ne, kuma a iya sanina filasha don dare aka yi ta. Da na koma gida na miƙa wa maiɗakina wayar ina jiran yabo. Ta duba, ta juya wayar, ta sake dubawa, ta ce: "Malam, yaushe aka yi ƙanƙara a Yamai ban ji ba?" Farare-fararen ɗigo ne suka cika hoton, masallacin kuwa yana can baya a duhu, sai wanda ya yi imani zai gan shi.

Akwai wani yaro a unguwarmu mai ɗaukar hoton biki da suna. Shi na kai wa ƙara. Ya danne dariya saboda ladabi, ya ce: "Baba, filashar waya ba ta wuce taku uku zuwa huɗu. Ƙurar da ke gaban hancinka ka haska." Sannan ya karɓi wayar, ya duba idon kyamarar, ya tambaye ni ko na ci kilishi. Na ce ina ruwan kilishi da hoto? Ya goge gilashin da gefen rigarsa, ya ce maiƙon yatsa ne ke sa kowace fitila ta fito da wutsiya. Ni har yau ina ganin laifin mai kilishin ne da ya cika mai.

Darasin da ya ba ni mai tsawo ne, amma ga abin da ya zauna. Da dare haske kaɗan ne, don haka kyamara takan bar idonta a buɗe na daƙiƙa biyu ko uku tana tara shi. Duk motsin da hannu ya yi a wannan tsakanin, ko na numfashi ne, sai ya shiga hoton. Saboda haka a ɗora wayar a kan abin da ba ya motsi, a sa mata ƙidayar daƙiƙa uku don kada dannawar ta girgiza ta. Babban sirrin kuma, in ji shi, kada a jira dare ya yi baƙi ƙirin. A ɗauka bayan rana ta faɗi, sama na da sauran shuɗi, fitilu sun kunnu. Wajen minti ashirin ne, daga nan ya wuce.

Na ce, "Yaro, wannan ai magariba ka kwatanta."

Ya ce, "Shi ya sa nake hoton biki, Baba."

Wata ranar na tsallaka kogi zuwa unguwar Harobanda da wuri, na gangara bakin kogi wajen masu lambu, inda ake hango garin gaba ɗaya daga ƙetare. Janairu ne, ruwan da ya sauka a duwatsun Gini tun damina sai a lokacin yake isowa Yamai, kogin ya cika ya batse, kowace fitila za ta fito biyu, ɗaya a sama ɗaya a ruwa. Ban sayi sandar nan mai ƙafa uku ba, don kuɗin da aka faɗa mini ya kai na buhun shinkafa. Na samu kututturen itace, na jingina wayar da takalmina. Rana ta faɗi, aka kira salla. Na bi masu lambu jam'i, liman bai ja ba, Allah ya saka masa. Da aka sallame na duba sama, shuɗin na nan. Na yunƙura ke nan wani dattijo ya kama hannuna.

"Baƙo, ina gajiya? Ina sanyi? Ina iyali? Daga wane gari?"

Na ce asalina Tawa. Ashe surukinsa ɗan Tawa ne. Muka bi unguwa-unguwa har muka gano wanda muka sani tare, mutumin kuma ya rasu, sai da muka yi masa addu'a. Kafin mu shafa an ɗora shayi a kan gawayi, wanda ya sha na fari kuwa ba ya tashi bai ga na uku ba. Ina kurɓa ina satar kallon sama, tana rufewa a gabana. Da na samu kaina, dare ya gama shimfiɗa tabarmarsa.

Duk da haka garin ya yi kyau. Na gyara takalmin, na danna ƙidaya, na riƙe numfashi, sauro na cin idon sawuna ban ko motsa ba. Uku, biyu, ɗaya. Aka ɗauke wuta. Rabin garin ya ɓace lokaci guda, sai manyan otel da bankuna da suka yi ɗif na ɗan lokaci kafin janaretocinsu su tashi. Wayar ta yi aikinta tsakani da Allah, ta ɗauki duhun nan tsaf, ba ko girgiza. Dattijon ya leƙo ya ce, "Kai, wayar ga tana da gaskiya."

Sai na koma bidiyo, tun da shi ba ruwansa da tsayawa cik. Na hau kabu-kabu muka zaga tsakiyar gari, ina riƙe da waya sama. Wannan na tura wa taubashina ba tare da na kalla ba. Amsarsa ta zo nan take: "Me ya sa fitilunku ke rawar sanyi?" Na buɗe, wallahi kowane gini sai ƙyafta ido yake. Yaron unguwarmu ya ce wutarmu tana kaiwa da komowa sau 50 a daƙiƙa, wayar kuma tana ɗaukar hoto 30 a daƙiƙa, lissafin bai haɗu ba, a mai da ita 25. Na isar wa na Kano da wannan bayani. Ya turo fuskar dariya har layi biyu.

Zuciya ta ɗebe ni na sake fita. Na tsaya gaban wani dogon gini mai fitilu masu launi, ba zan faɗi sunansa ba. Babu kututture a nan, sai na rungumi sandar fitilar titi, na manna wayar a jikinta, na daina numfashi. A haka, babban mutum da furfura rungume da ƙarfe, na ji an dafa kafaɗata.

"Malam, mi kake ɗauka? Wa ya aiko ka?"

Mai gadi ne, da kulki da tocila. A Yamai ta yanzu ba a wasa da ɗaukar hoton gine-gine, musamman na gwamnati da na soja, kuma kowa ya san dalili. Bakina ya bushe. Na fara ba shi labarin taubashi, ya ce in ajiye taubashi in kawo waya, duk abin da na ɗauka yanzu za a goge. Ya kira abokin aikinsa suka haɗa kai suna turawa da yatsa. Suka wuce ƙanƙara. Suka wuce duhu. Suka iso na ginin nasu, wanda ya dafa ni ana tsakiyar ɗaukarsa: zare-zaren ja da kore da rawaya sun cukurkuɗe da juna.

"Wanga mi ne ne?"

Na ce ginin da kuke gadi ne.

Ya ɗaga kai ya dubi ginin, ya dubi wayar. Ya ce, "Wanga taliya ce." Ya juya ga abokinsa: "Ƙyale shi. Ko wanda ya zana ginin ba ya gane shi a nan." Ba su goge ko ɗaya ba. Na so a ce sun goge, ko don mutuncina.

Har na juya zan tafi ya kira ni, ya ce tun da na zo, in ɗauke shi ɗaya ya aika ƙauye. Ya gyara hula, ya tsaya ƙarƙashin fitilar ƙofa, bango kawai a bayansa, ya ƙame. Mutumin da ya shekara yana tsayuwa ba ya motsi ko na ƙiftawa. Hoton ya fito tar, har maɓallan rigarsa ana ƙirgawa. Ya yi murna, ya karɓi lambata, ya ce matarsa ta haihu, suna ranar Asabar, ni zan ɗauki hotuna.

Na hau kabu-kabu ke nan ya ɗago murya daga bakin ƙofa: "Malam! Da hantsi za a yi, ka ji? Da rana tsaka ma ya fi!"