Venis da ƙananan yara, wahala zalla

Wallahi duk wanda yace maka Venis, birnin nan na Italiya da ke kan ruwa, wajen hutawa ne da iyali to bai je da ƙananan yara ba. Cikin garin ba mota, gadoji sun fi 400 kuma yawancinsu matakala ne, ka ɗaga keken jariri ka hau ka sauko, kafin ka huce ga wata gadar, ga babban yaron yana kukan ƙafa. Kace bari ku zauna a ƙasa ku ci abinci a dandalin San Marko, an hana, tara zasu ci ka. Jirgin ruwan haya yuro 9.50 mutum ɗaya. Banɗaki ma sai ka biya, yaro kuwa yanzu ya fito yanzu zai ce zai koma, haba dan Allah!